Gwada manhajar yanar gizo ba tare da sabar gaske ba: tambayoyi da amsoshi

Toh jama'a, waɗannan su ne tambayoyin da kusan duk wanda ya fara rubuta manhajar yanar gizo sai ya yi su, wasu ma an maimaita min su ya fi sau biyar, shi yasa na ce bari kawai in tara su wuri ɗaya. Zan riƙa cewa saba, na san akwai masu cewa uwar garke amma a bakin masu aikin saba ɗin dai ake ji. Kod ɗin da ke zaune kan saba kuma bakend zan ce masa, don akwai wanda ya taɓa fassara shi da bayan gida kuma har yau ba a daina tsokanarsa ba.

Wai me ake nufi da gwada manhaja ba saba? Ba sai da saba take aiki ba?

Eh a zahiri sai da ita. Burauza ta tura buƙata, saba ta karɓa ta duba databes ta dawo da amsa, burauza ta nuna maka. Amma a lokacin gwaji ba dole ba ne a ce duk wannan tafiyar ta faru da gaske, sai ka sa wani abu a tsakiya ya yi kamar shi ne ɗaya ɓangaren. Kuma abin iri biyu ne, mutane na yawan cakuɗa su. Na farko, kana gwada fuskar manhaja, wato abin da ke gudana cikin burauza, sai ka ƙirƙiri sabar bogi da za ta riƙa ba shi amsar da ka shirya mata. Na biyu akasin haka ne, bakend ɗin kake gwadawa, kod ɗinka na gaske ne amma ba a kunna saba ba, ba a buɗe fot ba, wato ƙofar da saba ke karɓar buƙata ta cikinta, babu abin da ya bi ta netwok, sai wani ɗan kod ya yi kamar shi ne burauza ya miƙa masa buƙata hannu da hannu. Duka biyun ana ce musu gwaji ba saba, amma kayan aikinsu daban, ramukan da ake faɗawa ma daban.

Me yasa ba zan kunna sabar gaske kawai in huta ba?

Za ka iya, kuma akwai inda dole sai hakan, zan zo kai. Amma ka ɗauka kana da gwaji ɗari biyar, kowanne sai ya jira netwok ya jira databes, kaga abin da ya kamata ya ƙare kafin ka ɗaga kai ya koma sai ka tashi ka yi wani aiki ka dawo. Gwajin da ke ɗaukar lokaci kuwa mutane daina kunna shi suke, wannan na gani ba sau ɗaya ba. Sannan sabar gaske tana canzawa, yau akwai mutum uku a databes gobe wani abokin aiki ya goge ɗaya, gwajinka ya faɗi alhali ba ka taɓa komai ba.

Amma ni babban dalilina ba sauri ba ne ma. Ta yaya za ka sa sabar gaske ta ba ka kuskuren 500, wato lambar da saba ke mayarwa in wani abu ya lalace a cikinta, daidai lokacin da kake so? Ko 429 na cewa ka cika turo buƙata, ko 503 na cewa ba za ta iya aiki yanzu ba, ko ta yi shiru na sakan talatin sannan ta yanke? Sai dai ka je ka lalata ta da gangan. Da sabar bogi layi ɗaya ne. Kuma nan ne manhajoji suka fi jin kunya, don kowa yana gwada ranar da komai ya tafi daidai, ba wanda ke duba abin da mai amfani zai gani idan netwok ya ɗauke ana tsakiyar biyan kuɗi.

Akwai kuma lokacin da bakend ɗin ma ba a gama rubuta shi ba, kai kuma ba za ka naɗe hannu kana jira ba.

Mok, sitob, fek, duk ba abu ɗaya ba ne?

Duk sunayen abubuwan bogi ne da ake sawa a madadin na gaske lokacin gwaji. A bakin mutane kusan duk mok ake ce musu kuma ba wanda zai kama ka. Gerard Meszaros ne ya tsara musu sunaye tun wajen 2007. A taƙaice sitob yana ba da amsa ɗaya da aka haddace masa, fek yana aiki da gaske amma a sauƙaƙe kamar databes da ke zaune cikin memori, mok kuma shi har duba ka yake yi, an kira ni kuwa, sau nawa, da wane bayani. Ka san bambancin saboda intabiyu, a wurin aiki ba a cika damuwa ba.

Ina rubuta fuskar manhaja da React ko Vue, wane kayan aiki zan ɗauka?

Ni dai MSW nake cewa a fara da shi, cikakken sunansa Mock Service Worker. Dabararsa ita ce ba ya taɓa kod ɗinka ko kaɗan. A cikin burauza yana amfani da Service Worker, wato wani ɗan sikirif da burauza ke bari ya zauna tsakanin shafi da netwok, duk buƙatar da shafin ya tura sai ta bi ta hannunsa, shi kuma ya duba jerin amsoshin da ka rubuta ya mayar. Shafin bai ma san an yi masa wayo ba, fetch ɗinsa ko axios ɗinsa, wato abin da yake tura buƙata da shi, ya gudana yadda ya saba, har a shafin Network na DevTools za ka ga buƙatar ta fita ta dawo. A Node kuma, wato inda ake gudanar da JavaScript ba a cikin burauza ba, tunda babu Service Worker, sai ya tare buƙatun a can ƙasa. Daɗin abin shi ne amsoshin da ka rubuta sau ɗaya su za ka yi amfani da su wajen gwaji, da wajen gina shafi, da cikin Storybook in kana amfani da shi.

Abu biyu ka kula. Na ɗaya sai ka kunna umarnin msw init ya ajiye maka fayil ɗin mockServiceWorker.js a foldar da burauza ke iya gani, galibi public, in babu shi a burauza ba abin da zai tashi. Na biyu, siga ta 2 da ta fito a 2023 ta canza yadda ake rubutu sosai, inda ake rubuta rest yanzu http ne, amsa kuma da HttpResponse ake haɗa ta, don haka in ka kwafo misali daga tsohon darasi ya ƙi aiki ba kai ne ka yi kuskure ba, darasin ne ya tsufa.

Kuma dan Allah ka sa onUnhandledRequest ya zama error a wajen gwaji. In ba haka ba duk buƙatar da ka manta ba ka rubuta mata amsa ba za ta sulale ta tafi intanet na gaske, kai kana nan kana tunanin komai na bogi ne.

Akwai Mirage JS ma, wanda ya samo asali daga duniyar Ember, shi har ɗan databes yake da shi a cikin burauza da alaƙa tsakanin bayanai. Yana da kyau in manhajar mai yawan ƙirƙira da gogewa ce.

Ba sai in maye gurbin fetch da jest.fn, wato fankshin bogi na kayan gwajin Jest, kawai ba? Ai ya fi sauƙi.

Ya fi sauƙi yau, gobe ne matsalar. In ka maye gurbin fetch da hannu toh kai ne za ka ƙirƙiri abin da zai dawo, sai ka ga mutum ya haɗa wani abu mai json kawai babu status babu headers babu ok, kod ɗin da ke duba ok ɗin bai taɓa gwaduwa yadda ya kamata ba. Sannan ranar da kuka bar fetch kuka koma axios duk gwaje-gwajen sun mutu, alhali manhajar ba ta canza hali ba. Tare buƙata a matakin netwok ya fi, don gwajin bai damu da wa ya tura ba.

Masu Node zalla akwai nock, ya daɗe ana amfani da shi. Sai dai da Node 18 ya zo da fetch nasa na ciki a 2022 nock na lokacin ba ya kama shi, sai a siga ta 14 aka gyara, wannan ya ba mutane da yawa ciwon kai.

jsdom burauza ce?

A'a, kuma wannan ka riƙe shi da kyau. jsdom kwaikwayon DOM ne, wato tsarin shafi yadda kod ke ganinsa, da aka rubuta da JavaScript yana gudana cikin Node. Zai ba ka document, zai ba ka window, za ka danna maɓalli ka cike fom ka ga rubutu ya canza. Amma ba ya zana komai, ba shi da ido. Bai san faɗin abu ko tsayinsa ba, in ka kira getBoundingClientRect sifili zai ba ka ta ko'ina, matchMedia babu sai ka ƙirƙira da kanka, IntersectionObserver babu, in kod ɗinka ya yi ƙoƙarin tsallakawa wani shafi zai yi maka ƙorafin cewa bai iya wannan ba. Wato maɓallinka zai iya kasancewa wani hoto ya rufe shi ruf, ba ɗan adam ɗin da zai iya danna shi, amma a jsdom gwajin ya wuce lafiya lau.

Wani abin da ke rikita sababbi, a da Jest da jsdom yake tashi kai tsaye, daga siga ta 27 a 2021 aka mayar da shi node, daga ta 28 kuma sai ka sauke jest-environment-jsdom da kanka. In ka ga document is not defined toh nan ne. In kuma fetch ko TextEncoder ne aka ce babu, shi ma daga muhallin jsdom ɗin ne, ba ya miƙo na Node. Masu Vitest, takwaran Jest, suna da zaɓin happy-dom, ya fi sauƙin nauyi amma bai kai jsdom cika ba, kuma shi ma makaho ne.

Toh in ina son burauza ta gaske amma sabar bogi fa?

Nan ne Playwright da Cypress suke shigowa, wato kayan gwajin da ke tuƙa burauza da kansu, kuma gaskiya wannan haɗin yana cikin waɗanda na fi so. Playwright na Microsoft ne, ya fito a 2020, yana tuƙa Chromium da Firefox da WebKit. Da page.route kake tare buƙata, route.fulfill ya ba da amsar bogi, route.abort ya yanke ta kamar netwok ya faɗi, akwai ma setOffline da zai ɗauke intanet ɗin gaba ɗaya. Cypress kuma cy.intercept ne, tun siga ta 6 a ƙarshen 2020 ya maye gurbin tsohon cy.route. Kaga a nan CSS na gaske ne, zane na gaske, in abu ya rufe maɓalli Playwright zai ƙi dannawa ya gaya maka dalili.

Ƙaramin tarko: in ka bar MSW a kunne cikin shafin sannan kana amfani da page.route, Service Worker ɗin zai riga Playwright karɓar buƙatar, sai ka yi ta mamakin me yasa route ɗinka bai kama komai ba. Ka zaɓi ɗaya, ko ka sa serviceWorkers ya zama block a saitin.

Tsofaffin hannu za su tuna PhantomJS, da shi ake wannan aikin kafin Chrome 59 ya zo da yanayin gudana ba taga a 2017, shekara na zagayowa aka dakatar da aikin PhantomJS ɗin. In ka ci karo da darasin da ke cewa ka sauke shi, rufe kawai.

Ni bakend nake rubutawa. Ya ake gwada shi ba a kunna saba ba?

Kusan kowane babban firemwok ya zo da hanyarsa. A Python dalilin da ya sa abin ke da sauƙi shi ne WSGI, ƙa'idar da aka rubuta tun 2003, wadda ta ce manhaja ba komai ba ce illa fankshin da ake miƙa wa bayanan buƙata ya dawo da amsa. Toh tunda fankshin ne ai ba sai Gunicorn ko wata saba ta kira shi ba, kai ma za ka iya. Abin da test_client na Flask ke yi kenan, haka Client na Django, ka ce masa get ko post ya haɗa buƙatar ya bi da ita ta URL da midilwaya da view, wato kod ɗinka da ke haɗa amsa, har ta dawo, ba fot ba soket. FastAPI na da TestClient. A Java, MockMvc na Spring yana tura buƙatar bogi ga DispatcherServlet ba tare da an tada Tomcat ba. ASP.NET Core na da WebApplicationFactory mai saba cikin memori, Laravel ma gwajinsa na HTTP haka yake, Ruby na da rack-test, Fastify na da inject, Go kuma httptest.NewRecorder.

Amma ba duk irin waɗannan kayan ne ke gudana babu saba da gaske ba. supertest da masu Express ke so, in ka miƙa masa manhajar a ɓoye yana buɗe wani fot na wucin gadi ne ya tura buƙata ta gaske. Haka httptest.NewServer na Go, da LiveServerTestCase na Django. Ba laifi ba ne, kawai ka san abin da ke faruwa a ƙasa.

Fom ɗina ya wuce gwaji a Django amma a burauza 403 nake samu, me ya faru?

CSRF ne, wato kariyar da ke hana wani shafin daban tura fom da sunan mai amfani, in ba ta gamsu ba sai saba ta ƙi buƙatar da 403. Client na Django yana kashe binciken CSRF da kansa don sauƙaƙa maka, sai ka ƙirƙire shi da enforce_csrf_checks=True sannan zai duba. Je ka leƙa fom ɗin, wataƙila ka manta csrf_token.

Databes fa? Naji ana cewa a sa SQLite cikin memori.

Ana yi, kuma yana da sauri sosai, Django ma in SQLite kake amfani da shi da kansa yake yin na gwaji cikin memori. Masu Java kuma H2. In manhajarka SQLite za ta yi amfani da shi har a wajen aiki na gaske toh shikenan ba magana. Amma in PostgreSQL ko MySQL ne a can, a nan kam ina da ja.

SQLite yana da haƙuri fiye da kima. Ka ce masa wannan gurbin VARCHAR(10) ne ka zuba masa harafi ɗari, zai karɓa bai ce uffan ba, PostgreSQL kuwa zai watso maka shi. Ka sa rubutu a gurbin lamba, zai ajiye, sai dai in teburin STRICT ne wanda sai a siga 3.37 aka kawo a 2021. Binciken foreign key, wato alaƙar da ke ɗaure tebur da tebur, a kashe yake zuwa sai an kunna da PRAGMA, ko da yake wasu firemwok suna kunna maka. Sannan LIKE a SQLite bai damu da babban harafi ko ƙarami ba a haruffan Turanci, a PostgreSQL ya damu, kaga akwatin bincikenka zai yi aiki a gwaji ya ƙi samo komai a wajen mutane. Kulle layi da yadda mu'amala biyu ke karo da juna kuwa ba a ma magana, daban suke gaba ɗaya.

Shi yasa in kwamfutarka za ta ɗauki Docker, wato kayan da ke gudanar da manhaja a keɓe cikin abin da ake kira kwantena, nake cewa ka duba Testcontainers, yana tada PostgreSQL na gaske cikin kwantena lokacin gwaji ya kashe shi in an gama. Wani zai ce ai wannan ya zama saba kenan, eh ya zama, na yarda. Databes yana cikin wuraren da bogi ke da tsada daga baya.

json-server saba ce ko ba saba ba ce?

Saba ce ƙarama da ke kan kwamfutarka, tana buɗe fot 3000, ka ba ta fayil ɗin db.json ta mayar maka da shi API mai karɓar GET da POST da DELETE. Tana da kyau wajen nuna wa mutum samfuri cikin gaggawa. WireMock ma kusan wannan layin ne amma ya fi ƙarfi nesa, masu Java sun san shi.

Biyan kuɗi, imel, da su AWS na Amazon fa, su ma ana kwaikwayonsu?

Ana yi. Stripe na da yanayin gwaji, katin 4242 4242 4242 4242 kullum yana wucewa, 4000 0000 0000 0002 kuma kullum ana ƙin sa, amma ka lura wannan sabarsu ce ta gaske kake taɓawa, kuɗin ne kawai na bogi, don haka sai da intanet. Imel kuma Django a lokacin gwaji ba ya tura komai waje, yana tara su a mail.outbox ka ƙirga ka karanta, in kuma kana son gani da ido akwai Mailpit ko MailHog da ke kama duk wasiƙar da manhaja ta tura. LocalStack yana kwaikwayon ayyukan AWS irin su S3 da SQS, Firebase na da Emulator Suite nasa, Cloudflare Workers kuma Miniflare. Wannan na imel ɗin kar ka yi wasa da shi, ba abin kunya kamar gwajinka ya tura wa mutanen gaske saƙon "test test 123" da tsakar dare.

Kod ɗina yana jiran minti 30 kafin ya fitar da mutum, sai na zauna jira?

Haba dai. Agogon ma na bogi ake sawa. jest.useFakeTimers ko vi.useFakeTimers, ka tura lokaci gaba yadda kake so, a Python akwai freezegun, Playwright ma na da page.clock. Ka gwada 29 ga Fabrairu da daren 31 ga Disamba tunda ka samu dama. Kawai ka tuna ka mayar da agogon gaske in ka gama, in ba haka ba gwajin da ke biye zai tsaya cak yana jiran lokacin da ba zai zo ba.

Duk gwajina kore ne, wato ya wuce, amma da aka ɗora a sabar gaske manhajar ta fashe. Toh meye amfanin?

Yawwa, ga tambayar da ta fi duk sauran. Sabar bogi ba ta san komai game da sabar gaske ba, abin da ke kanka kawai ta sani. Kai ka rubuta kod ɗin, kai ka rubuta amsar bogin, in fahimtarka ta karkace toh dukansu biyun sun karkace tare kuma za su yi ta gaskata juna, kamar ɗalibi ne ya saita wa kansa jarrabawa ya kuma yi makin.

Ni kaina ta taɓa ci na. Wani aiki ne na shafin da ke nuna wa mutum jerin odar da ya yi, na rubuta mok ɗina tsaf, har da na sabon mutumin da bai taɓa oda ba, na sa ya dawo da 200 da jeri fanko. Gwaji duk kore, ina ta jin daɗi. Ashe wanda ya rubuta bakend ɗin in babu oda 204 yake mayarwa, babu jiki kwata-kwata, kod ɗina kuma kai tsaye yake kiran response.json, abin ya tarwatse, duk wanda ya yi sabuwar rajista farin shafi yake gani. Mu kuma a ofis duk asusunmu na gwaji cike suke da oda shi yasa ba wanda ya lura, sai da ƙorafi ya fara shigowa. Ba wanda ya yi ƙarya a cikinmu, ni na zaci abu ne ban tambaya ba, mok ɗin kuma ya ɗauki zatona ya mayar min da shi a matsayin hujja.

Kuma ko da ka yi daidai ranar farko, bayan wata shida an canza sunan wani fili a bakend, mok ɗinka na nan da tsohon suna yana ta ba ka kore.

Maganin da na sani uku ne kuma ana haɗa su. In kuna da takardar OpenAPI, wadda a da ake kira Swagger, wato takardar da ke zayyana buƙatun da bakend ke karɓa da amsoshinsa, toh daga ita za ka ciro mok ɗin da nau'ikan TypeScript, kar ka rubuta da ka, akwai Prism na Stoplight da ke karanta takardar ya zama sabar bogi kai tsaye har ya ƙi buƙatar da ta saɓa mata. Sai gwajin yarjejeniya irin na Pact, wanda aka fara a Ostareliya a 2013, shi abin da fuskar manhaja ke tsammani ake rubutawa a fayil, sannan a kai fayil ɗin a gwada shi kan bakend na gaske, ranar da suka canza wani abu gwajinsu ne zai faɗi tun kafin su ɗora. Na uku kuma mafi arha, ka ajiye gwaji kaɗan da ke bi ta kan komai na gaske, shiga, yin babban abin da aka gina manhajar dominsa, fita. Ko biyar ne sun isa su kama irin abin da ya same ni, in dai ɗaya daga ciki da sabon asusu yake farawa.

Ba zan iya naɗar amsar sabar gaske in riƙa maimaita ta ba?

Za ka iya, kuma yana rage zato. VCR a Ruby, vcrpy a Python, Playwright kuma na da routeFromHAR da ke karanta fayil ɗin HAR, wato naɗin buƙatu da amsoshin da suka bi ta burauza. Sai dai naɗin ma yana tsufa, sai ana sabunta shi. Babban haɗarin kuma shi ne abin da ke cikin fayil ɗin, don HAR yana kwashe komai har da kukis da tokin shiga. A 2023 da aka kutsa tsarin tallafin kwastomomi na Okta, fayilolin HAR da kwastomomi suka tura ne maharan suka samu suka ciri tokin a ciki. Don haka ka buɗe fayil ɗin ka share sirrin kafin ka tura shi Git, in ya riga ya shiga kuma gogewa kawai ba ta isa ba, sai an canza tokin ko makullin da ya fallasa.

Me sabar bogi ba za ta taɓa nuna min ba?

CORS na farko, wato ƙa'idar da ke iyakance wane shafi ne zai iya karanta amsar sabar da ke wani adireshin daban. Burauza ce ke tilasta shi bisa abin da sabar gaske ta sa a headers, mok ɗinka kuwa ba ruwansa, sai ranar ɗorawa ka ga jan rubutu. Sai halin kukis tsakanin yanki da yanki, su SameSite da Secure, sai takardar HTTPS da ta ƙare, sai saitin Nginx da ke ƙin fayil ɗin da ya wuce megabait 1 in ba a ɗaga masa iyaka ba ya ba ka 413, sai ma'ajiyar wucin gadi ta CDN, wato sabobin da ke rarraba kwafin shafi, da ke riƙe tsohon shafi. Nauyi kuma ba a ma fara ba, in kana son sanin ko manhajar za ta ɗauki mutum dubu a lokaci ɗaya toh k6 ko JMeter za ka nufa da saba mai kama da ta gaske, auna saurin mok ɓata lokaci ne.

Kashi nawa ya kamata ya zama na bogi, nawa na gaske?

Ba ni da lamba kuma duk wanda ya ba ka lamba ƙirƙira ya yi. Ni dai yawanci na bogi ne saboda sauri da gwada ranar masifa, kaɗan na gaske. Abin da nake dubawa shi ne in na ga fayil ɗin mok ya fara yin lissafi, yana duba izini, yana da if goma, toh na san na fara rubuta bakend na biyu ne wanda shi ma zai buƙaci nasa gwajin, sai in tsaya.

Ina son gani a wayata, na buɗe ta adireshin kwamfutar amma Service Worker ya ƙi tashi.

Service Worker ba ya rajista sai a HTTPS ko a localhost. A kwamfutarka localhost ne shi yasa yake aiki, amma da ka buga irin 192.168 ɗin nan a waya ta http, burauza ba ta ɗauke shi amintaccen wuri ba. In Android ce, haɗa ta da kebul ka kunna USB debugging, sannan ka rubuta adb reverse tcp:3000 tcp:3000, ko ka shiga chrome://inspect ka saita tura fot daga can, sai ka buɗe localhost:3000 a wayar kamar a kwamfuta. In iPhone ce kuma sai dai ka haɗa takardar HTTPS ta gida da mkcert ka sa wayar ta amince da ita, akwai ɗan dogon saiti a ciki amma sau ɗaya ake yi.